Jan baki, shamuwa da ungulu: abin da fadamar Kabi ke gani ba ta rubutawa

Duk wanda ya ce mutumin ƙauye bai damu da tsuntsaye ba, bai taɓa leƙa fadamar Argungu lokacin da shinkafa ta fid da kai ba. Ana sallame asuba yara sun hau rumfunan da aka kakkafa a tsakiyar gonaki, kowa da majajjawarsa da igiyar da aka rataya wa gwangwanaye, ido na sama har faɗuwar rana. Yaron da ya yi kaka biyu yana wannan aiki ya san ta inda garken zai ɓullo, ya san itacen da suke fara sauka kafin su faɗa gona, ya san suna lafawa da zafin rana su dawo da la'asar. Masunci ya san ciyawar da suke kwana a ciki. Bafulatani ya san ƙayar da suka yi sheƙa a kanta. Maharbi kuwa ya san watan da dinya da kirinjijiya ke cika tabki.

A Turai da Amurka akwai miliyoyin mutane da suka mayar da kallon tsuntsu abin sha'awa, suna fita da madubin hangen nesa da ɗan littafi. Ba su fi yaron rumfa ido ba. Abu guda suka fi shi: in sun gani sai su rubuta, da ranar, da wurin, da yawan abin da suka gani. Namu sanin yana cikin kawuna, kowa da guntunsa, kuma in mai shi ya rasu ko ya tafi ci-rani ya tafi da abinsa. Wannan giɓi yana jawo mana asara ta zahiri, wadda ake iya lissafawa da buhun shinkafa.

A fara da jan baki, tunda shi ke hana manomin Kabi barci. Ɗan ƙaramin tsuntsu ne, nauyinsa bai wuce giram 20 da 'yan kai ba, amma masana na ganin babu tsuntsun daji a duniya da ya kai shi yawa. Ana ƙiyasta su da kimanin biliyan ɗaya da rabi bayan sun gama ƙyanƙyasa, dukkansu a Afirka kudu da Sahara. Kowane ɗaya kan ci ko ya zubar da kusan giram 10 na hatsi a yini. In ka lissafa, garken miliyan ɗaya zai iya lashe tan 10 a rana guda, wato buhu 100 mai cin kilo 100. Shi ya sa manomi zai je sallar Juma'a ya dawo ya tarar da zangarniya tsaye babu ƙwaya. Ɓarnar ta fi muni sa'ad da ƙwayar take da ruwa-ruwa, ba ta yi tauri ba, don a lokacin matse ta suke yi su wuce ta gaba.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne shinkafa ba ita ce zaɓinsa na farko ba. Abincin jan baki na asali ƙwayar ciyawar daji ce. Wani Bature masanin tsuntsaye mai suna Peter Ward ya yi shekaru yana bin su a yankin Tafkin Chadi a farkon shekarun 1960, yana buɗe cikinsu yana duba abin da suka ci, kuma abin da ya gano shi ne mabuɗin lamarin. Duk tsawon rani suna tsintar ƙwayar ciyawar da ta zube a ƙasa. Da ruwan farko ya sauka, ƙwayar nan sai ta tsiro gaba ɗaya cikin 'yan kwanaki, abinci ya ɓace musu a lokacin da kowa ke murna. Dole su tashi su yi kudu, inda damina ta riga ta yi nisa har ciyawa ta soma ƙwaya, daga baya su biyo ruwan su dawo arewa su yi sheƙa a dajin ƙaya. Sheƙar ma da gaggawa ake yin ta: ƙwai kan ƙyanƙyashe cikin kwana 10, bayan mako biyu da 'yan kwanaki 'ya'yan sun tashi. Cikin mako shida an gama, garke ya ninka.

To, ɗora wannan a kan kalandar nomanmu. Kakanninmu shinkafar damina suke yi, mai bin ambaliya, a girbe ta bayan ruwa ya janye. A tsakanin Afrilu da Yuni, lokacin da yunwa ke korar jan baki, fadama ba ta da abin ba shi, sai ya wuce. Yanzu fa? Tun da injin ban ruwa da rijiyar burtsatse suka yawaita, musamman bayan da aka ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa na Babban Banki a Birnin Kebbi cikin Nuwamban 2015, fadamar da ta tashi daga Augie ta ratsa Argungu, Birnin Kebbi, Kalgo, Bunza har Suru ta zama kore shar a tsakiyar rani. Shinkafar rani kuma tana nuna ne daidai lokacin da daji ya fi talauci. Ga hatsi, ga ruwan sha, ga ciyawar bakin gulbi ta kwana. Tsuntsun da a da yake wucewa yanzu ya sami dalilin zama. Wanda ya makara da dashe har shinkafarsa ta kai ƙarshen Mayu ko Yuni, shi ya fi shan wuya, don maƙwabtansa sun girbe, duk garken ya taru a kansa. Sai kuma zagaye na biyu a watan Satumba da Oktoba, lokacin da sabbin 'ya'ya suka tashi da yunwa suka tarar da gero da dawa sun nuna.

Duk shekara za ka ji ana cewa daga Nijar da Benin suka shigo. Akwai gaskiya a ciki, tunda Kabi ta yi iyaka da ƙasashen biyu kuma tsuntsu ba ya tsayawa a Kamba a duba masa takarda. Amma maganar tana da illa, don tana sa a ɗauki abin a matsayin farmaki daga waje wanda ba a san ranarsa ba, alhali yana bin ruwa da ciyawa da ranar dashenmu ne. Abin da ke bin ƙa'ida ana iya hango shi tun da nisa, in akwai mai riƙe lissafi.

Maganin da aka fi sani shi ne feshi da jirgin sama. Akan jira magariba, tsuntsayen su koma makwanci, jirgi ya bi ta kansu ya zuba guba, galibi wadda ake kira fenthion. In an dace da wurin, da safe ƙasa za ta cika da gawa. Manomin da ya ga haka zai yi hamdala, kuma ba za a ga laifinsa ba. Sai dai an shafe shekaru fiye da 60 ana wannan yaƙi a Afirka, a wasu ƙasashen ana kashe miliyoyi barkatai kowace shekara, yawan jan baki bai ragu ba. Dalilin ya koma kan binciken Ward: da ma mafi yawansu yunwar farkon damina ce za ta kashe su. In ka kashe rabi da guba, ragowar sun sami abinci isasshe, su haihu su cike gurbi. Don haka feshi ba ya ƙarar da jan baki. Iyakar amfaninsa shi ne ya ceci gonakin da ke kusa da wani makwanci na 'yan makonni, kuma wannan ma sai an yi shi a kan kari, a daidai wurin. Kafin ƙorafi ya tashi daga ƙauye ya isa ofis, a ware kuɗi, a samo jirgi, sau da yawa garken ya ci ya ƙoshi ya sauya sheƙa. Jirgi ya zo ya yi shawagi, a ɗauki hoto, manomi na can yana tattara kara.

Gubar kuma ba ta tambayar suna. Shirwa da shaho da mujiya da suka ci gawar su ma sun tafi. Balbelar da ke kwana a ciyawa ɗaya da su ta tafi. Abin da ya sauka a ruwa kifi ne zai sha, a jihar da sunanta ya zagaye duniya saboda kamun kifi. Mafi tayar da hankali, jan baki nama ne, ana soya shi ana sayarwa, kuma ba kowane yaro ne zai ga tulin tsuntsu a ƙasa ya wuce ba. Ƙasar Chadi ta taɓa kai ƙorafin wannan guba gaban hukumomin duniya saboda yadda take cutar da masu feshin kansu. A Chadin kuma akwai masu kama jan baki da raga cikin dare a makwancinsa, su fige, su soya, su shanya, su kai kasuwannin Njamena da miliyoyi. A wajen Haɗeja ma ana yi. Wannan ba zai ƙarar da shi ba, kamar dai yadda guba ba ta ƙarar ba, amma aƙalla abin da ya ci a gona yana dawowa ta tukunya.

Abubuwan da suka fi aiki ba su da armashin jirgin sama. Manoman fadama ɗaya su yi dashe lokaci ɗaya, da wuri, su girbe tare kafin ruwan farko, ɓarnar ta rarrabu a kan kowa maimakon ta faɗa kan mutum uku. A cire ciyawa a gona, don ƙwayarta ce ke fara kiran tsuntsun. Mai ƙaramin fili ya rufe da raga. Tsofaffi sun san geron nan mai gashi da tsuntsu ba ya son taɓawa. Na san faɗa ya fi yi sauƙi: dashe tare yana buƙatar kowa ya sami kuɗin fetur da taki a mako ɗaya, kuma a nan ake yin ta. Amma ko feshin ne za a yi, dukkansa ya rataya ne a kan sanin inda suke kwana da ranar da suka sauka, kuma wannan labari yana bakin masunci da makiyayi tun makonni kafin ya zama labarin rediyo.

Ba kowane baƙon sama ne abokin gaba ba. Shamuwa na isowa gab da damina, wajen Afrilu zuwa Mayu, ta yi sheƙa a kan kuka ko tsamiya a tsakiyar gari, ba mai jifanta. Tsoho in ya gan ta sai ya ce wa yaransa a gyara garma, a fiddo iri. Ba tsafi ba ne. Shamuwa tana bin ruwa ne saboda ruwa ke fiddo fara da tsutsa, abincinta ke nan. In kaka ta yi sai ta tsallaka can kudancin Afirka, Zambiya, Zimbabuwe har Afirka ta Kudu, inda daminarsu ke somawa sa'ad da tamu ke ƙarewa. Wato duk shekara damina biyu take ci. Tambayar da ta kamata a yi a kowane ƙauye ita ce: sheƙa nawa ke kan kukar bakin kasuwa bana, nawa ne shekara goma da suka wuce, kuma ranar isowarta ta matsa ko ba ta matsa ba? Kowa na cewa damina ta rikice. Ga ma'auni a kan itace, kyauta, amma sai dai a ce "da sun fi haka yawa", magana ta ƙare.

Akwai kuma waɗanda ke zuwa da sanyin hunturu daga nesa ƙwarai: ƙananan agwagin ruwa, tsattsewa, da dogayen ƙafafun nan masu caccakar laka a gonar shinkafa. Da yawansu a Turai da Rasha aka ƙyanƙyashe su, suka keta Bahar Rum da Sahara don su yi rani a fadamunmu. Turawa kansu sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke ɓacewa ba, har a 1822 aka harbo wani farin dangin shamuwa a arewacin Jamus da mashin Afirka soke a wuyansa. Har yau yana ajiye a Jami'ar Rostock. A 1969 kuma masu ƙirga a Ingila suka ga wani ɗan tsuntsunsu mai farin maƙogwaro ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku a shekara ɗaya. Da aka bi sawu, sai aka tarar farin da ya soma a Sahel ne ya cinye su a hanya. Farin nan shi ne wanda ya yi tsanani a 1973, wanda dattawanmu ba su manta ba. Littafin mai kallon tsuntsu a Ingila ya nuna alamar masifar da ke tafe mana, mu da muke zaune a cikinta ba mu da littafin.

Su waɗannan baƙi ambaliya suke bi, ambaliyar kuwa ta sauya. Madatsar Bakolori da aka kammala a 1978 kusa da Talata Mafara, da ta Goronyo a 1984, sun canza yadda ruwa ke sauka a fadamar Rima: lokacinsa, zurfinsa, da daɗewarsa. Tabkunan da a da ke riƙe ruwa har bazara an mayar da wasunsu gona. A kudu kuma, tsibiran Foge da ke kan ruwan Kainji wajen Yauri sun shiga jerin wuraren dausayi masu muhimmanci a duniya a 2008, saboda tsuntsayen ruwa da kifinsu. Mutum nawa a Birnin Kebbi suka san da haka? Kamun agwagwar ruwa da ake yi a wasannin Kabanci lokacin bikin Argungu shaida ce cewa agwagin daji sun taɓa zama abin yau da kullum a rayuwar Kabawa. Wani dalilin sa ido a kansu shi ne murar tsuntsaye nau'in H5N1, wadda aka fara tabbatar da ita a Afirka a wata gonar kaji a Jihar Kaduna cikin Fabrairun 2006. Mataccen tsuntsun ruwa a bakin tabki labari ne da ya shafi duk mai kaji.

Inda rashin rubutu ya fi yi mana illa shi ne wajen abin da ya ɓace. Zuwan abu ana ganinsa, tafiyarsa ba a ji. Duk wanda ya haura shekara 40 ya tashi ya ga ungulu jere a kan rumfunan mahauta, sai an kore ta da sanda. Yau je mayankar garinku ka ƙirga. Yara da yawa sun san "ungulu ba ta jewar banza" a baki, ba su taɓa ganin jewar ba. Ba a Kabi kaɗai ba ne: a 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa wannan ungulu ta gari cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa. Ana kama ta ana sayar da kanta da ƙafafunta da ƙwanta ga masu neman sa'a da asiri, ana sare dogayen itatuwan da take sheƙa, tana kuma cin mushen da aka sa wa guba don kura ko kare. Ƙwai ɗaya take yi a shekara, don haka abin da aka kashe ba ya dawowa da wuri. Ga jan baki da aka yi shekara 60 ana yi wa ruwan guba yana nan daram, ga ungulu da babu wanda ya ƙaddamar da yaƙi a kanta ta kusa ƙarewa. Bambancin yana ga saurin haihuwa.

Mai cewa to sai me, ya dubi Indiya. A shekarun 1990 wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu allurarsa, diclofenac, ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na manyan ungulayensu. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan banza suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru, ruwa ya gurɓace. Wani bincike da aka fitar a 2024 ya ƙiyasta cewa mutum kusan 500,000 suka mutu tsakanin 2000 da 2005 sanadin wannan rashi. Aikin share mushe da ungulu ke yi kyauta, babu ƙaramar hukumar da ke da kasafinsa.

Gauraka ma haka. Tsuntsun da ake kira na ƙasa a Nijeriya, wanda ke kiwo a fadamun arewa, yanzu da wuya a gan shi a daji. An kame shi don ado a gidajen manya, an kuma nome wuraren ƙwansa. Tuje da burtu suna bin bayansa. A Suratun Namli an ba da labarin yadda Annabi Sulaimanu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya binciki tsuntsaye ya tambayi dalilin da bai ga alhudahuda ba. Wanda ya san adadin rundunarsa ne kaɗai zai lura da wanda babu.

Hanyar rubutawar ta riga ta samu. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Laminga kusa da Jos, wadda ke haɗe da Jami'ar Jos, ta soma aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya a ƙarshen 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi, masu sa kai su shiga su rubuta duk irin da suka gani ta manhajar waya mai suna BirdLasser. Akwai tawagar matasan arewa da ke wannan aiki. Kowane Janairu kuma ana ƙirgar tsuntsayen ruwa a faɗin duniya, tun 1967. Nijeriya na da nau'in tsuntsu fiye da 900, kuma jiha mai gulabe irin Kabi ba ƙaramin rabo take da shi ba.

Amma kada a yi zaton za a kwaso tsarin Jos a dasa a Kangiwa ya kama. A yanayin tsaron da ake ciki, baƙon da aka gani a bayan gari da madubin hangen nesa yana danna waya, kafin ya buɗe baki an ce infoma ne. A dazuzzukan Zamfara da gefen Zuru da iyakar ƙaramar hukumar Arewa, shiga dajin ma kasada ce. Manhajar da Turanci take, sunayen da ke ciki ba su ne na bakin masunci ba, su kuma namu sunayen wani lokaci ɗaya kan rufe iri uku ko huɗu. Ga kuma kallon da jama'a za su yi wa ƙato da ya bar aiki yana bin tsuntsu: "Malam, lafiya kuwa?"

Shi ya sa nake ganin ba baƙo ne zai yi wannan aiki ba, kuma ba da iri 900 za a fara ba. Ɗan gari ne, wanda mai gari ya sani: malamin firamare, malamin gona, ko sakataren ƙungiyar manoman shinkafa. Littafin makaranta ɗaya ya isa. Ranar da aka fara ganin shamuwa da yawan sheƙarta. Ungulu nawa a mayanka ranar kasuwa. Ranar da jan baki ya sauka, ta wace kusurwa, ina yake kwana, shinkafa tana wane mataki. Sarkin Ruwa da Sarkin Noma da Arɗo su ne majiya, shi nasa rubutu ne, in akwai waya a tura saƙon murya ga ƙauyen gaba. In ƙauyuka 20 daga Augie zuwa Suru suka riƙe irin wannan littafi na shekara biyar, ƙungiyar manoma za ta iya zama a watan Disamba ta tsayar da makon dashe da hujja a hannu, kuma ranar da za a kira jirgi za a iya gaya wa matuƙinsa sunan tabkin da zai dosa da wanda zai kauce wa saboda mutane na sha a cikinsa.